Abin da Ya Riƙe Cinikin Sabo

A shekarar 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Ibadan. Lokacin jirgin ƙasa ya riga ya haɗa Ikko da Kano, shanu na gangarowa daga Arewa, goro na haurawa daga ƙasar Yarbawa. To, me ya riƙe wannan ciniki, alhali ba banki a tsakani, ba takardar yarjejeniya?

Falke zai sauka wurin maigida, a ba shi masauki da abinci. Dillalin maigida ya sayar wa mahautan gari shanunsa bashi, maigida ya tsaya masa. In mahauci ya ƙi biya, nauyin yana wuyan maigida. Shi ma maigidan ba sakaka yake ba. In rigima ta tashi, fadar Sarkin Hausawa ake zuwa. Wajen 1952 kuma, da ɗarikar Tijjaniyya ta kafu har Sabo ta fara tata Juma'a, kullum ana haɗuwa wurin wazifa, kowa ya san halin kowa. Wanda ya cinye kuɗin baƙo, da wane ido zai shiga sahu?

Fada da masallaci da zawiyya ba riba suke nema ba, amma da su ribar kowa ta tabbata.

Yau ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa da matasa da mata su suka gaji wannan aiki. Kada mu bar su su zama na taron biki kawai. A biya kuɗin wata, a rubuta shige da fice, ma'aji ya karanta gaban kowa. Ranar da baƙo ya daina yarda da mu, wata kasuwar zai kai kayansa.