Katagum Da Azare: Yadda Fada Ta Tashi, Suna Ya Bi Ta

Jama'a, mu da neman abinci ya kawo mu Kurmi, daga Sabon Ibadan har Agege, in an tambayi ɗayanmu garinsu sai ya ce Katagum. To amma wace Katagum? Da yawa cikin yaranmu da aka haifa a nan sun ɗauka Katagum da Azare gari ɗaya ne. Ba haka ba ne, tsakaninsu akwai tafiyar kusan mil 43.

Malam Ibrahim Zaki, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa garin Katagum a gaɓar kogi a zamanin jihadi, bayan ya zauna a Tashena. Ya ci yaƙi har Birnin Gazargamu, shi ya sa ake yi wa sarakunanmu laƙabi da Sarkin Barno. Ya rasu a 1814, Allah ya jiƙansa. A 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, Bature Kilafatan ya sauka a Katagum, ya tarar da birni mai ganuwa da kasuwa. Zaman iyaka kuwa ba sauƙi: rundunar Shehu Laminu na Barno ta afka wa garin a 1826, daga baya kuma aka sha fama da Buhari Sarkin Haɗeja.

Turawa suka zo a 1903, suka haɗa ƙasar da Lardin Kano. A 1916, zamanin Sarki Abdulƙadir, aka ɗauke fada zuwa Azare, a 1926 kuma aka mai da mu Lardin Bauci. Tashin fada ba tashin mutum ɗaya ba ne. Inda Sarki ya sauka nan Alkali zai shimfiɗa buzunsa, nan baitulmali, nan gidan yari, nan 'yan doka. Mai ƙarar gona ko gado, in bai gamsu da hukuncin alkalin gunduma ba, Azare zai nufa. Masu ƙara suna bin kotu, 'yan kasuwa suna bin masu ƙara. Haka Azare ta cika ta batse, tsohon birni ya koma garin hakimi.

Ita ma fadar Azare ba ta dawwama da wannan iko ba. A 1968 gwamnatin soja ta karɓe kotuna daga hannun En'e, aka soke kotun Sarki, na alkalai suka zama kotunan yanki a ƙarƙashin jiha. A 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauci, gyaran ƙananan hukumomi ya gama da En'e ɗungurungum.

Ga abin mamaki: yau Azare ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Katagum, shi kuwa garin Katagum shi ne hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zaki. Suna ya bi fada, tsohon gari ya riƙe sunan wanda ya kafa shi.

Don haka, 'yan'uwa, in za a cike wa yaro takardar shaidar asali, a tabbata wace ƙaramar hukuma ce tasa, kada a rubuta Katagum alhali ɗan Zaki ne. In an je gida hutun Salla kuma, kada a tsaya Azare kurum, a ƙarasa da yara tsohon birni su ga inda aka fara. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa mu dace, amin.