Faifan da Aka Kora Ba Lallai Ya Mutu Ba: Nazari kan Ceto Bayanai daga Akwatin Ajiya na Gida

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da ke faruwa idan faifai biyu suka fita daga akwatin ajiya na gida mai tsarin RAID 5. Ta ƙalubalanci ra'ayin da ke cewa kuskuren karatu guda ɗaya yana salwantar da komai, ta kuma nuna cewa zaɓen faifan da za a mayar cikin jeri, da kwafe faifai kafin a taɓa su, su ne ke raba wanda ya samu bayanansa da wanda ya rasa.

Gabatarwa da Bitar Ayyuka

Tun 1988 David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley suka fayyace tsarin RAID. A mataki na 5, ana yanka bayanai gunduwa-gunduwa a rarraba su kan faifai, a kowane layi kuma a ajiye gunduwa ɗaya ta lissafin ciko, wadda da ita ake maido da rabon faifan da ya ɓace. Faifai ɗaya kawai tsarin ke iya jure rasawa. Akwatunan da ake saya a ajiye a gida, irin na Synology da QNAP, a kan manhajar md ta Linux suka gina nasu, shi ya sa ake iya zare faifan Synology a karanta su a kwamfuta mai Linux.

Wanda muke jayayya da shi Robin Harris ne, wanda a 2007 ya rubuta a ZDNet cewa RAID 5 zai daina aiki a 2009. Hujjarsa daga takardun masu ƙera faifai ta fito, inda ake nuna cewa faifan talakawa na iya kasa karanta bit ɗaya cikin tiriliyan 100, kimanin terabait 12.5 ke nan. A ɗauki akwati mai faifai huɗu, kowanne terabait 4. In ɗaya ya mutu, sake gini zai karanta terabait 12, wato bit tiriliyan 96, kuma bisa wancan ƙiyasi yiwuwar cin karo da kuskure ta kai kusan kashi 62 cikin 100. Lissafin daidai ne, amma ya jingina da zaton cewa kurakurai na bazuwa barkatai, kowanne ba ruwansa da ɗan'uwansa. Binciken Bairavasundaram da abokan aikinsa, shi ma na 2007, ya bi faifai miliyan 1.53 tsawon wata 32, ya samu kashi 3.45 cikin 100 ne kawai suka nuna ɓoyayyen gurbi marar karantuwa, kuma irin waɗannan gurabe suna taruwa kusa da juna a wuri da lokaci. Ke nan mafi yawan faifai lafiyarsu ƙalau, kaɗan ne ke ɗauke da ciwon. A shekarar dai, Pinheiro da Weber da Barroso na Google sun nuna cewa faifan da ya nuna kuskuren bincike na farko ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60.

Hanyar Bincike

Mun haɗa alƙaluman waɗannan ayyuka da yadda md ke aiki kamar yadda aka bayyana a takardunsa, muka bi misalin akwati mai faifai huɗu da gunduwar kilobait 64, wadda Synology ke amfani da ita.

Sakamako

Abu na farko shi ne girman asarar. In sake gini ya ci karo da gurbi ɗaya na kilobait 4 da ya ƙi karantuwa, abin da ya salwanta shi ne gurbin da takwaransa na faifan da ya riga ya ɓace: kilobait 8 a mafi muni, cikin terabait 12. Akwatin na iya tsayawa ya kunna jar fitila ya ce jeri ya rushe, amma wannan hukuncin manhaja ne. Sau da yawa ma jinkiri ne ya jawo korar faifan daga jeri. Faifan kwamfutar tebur kan daɗe yana ta gwada karanta gurbi mai wuya, Linux kuwa daƙiƙa 30 yake jira bisa al'ada, in bai ji amsa ba ya ɗauka faifan ya tafi. Faifan da aka ƙera don akwatin ajiya kan haƙura a daƙiƙa 7 ya kai rahoto, sai md ya cike gurbin daga sauran.

Abu na biyu, wanda a ganinmu ya fi komai nauyi, shi ne cewa faifai biyun da suka fita ba darajarsu ɗaya ba. Kowane faifai na ɗauke da tambarin md, wanda a siga ta 1.2 yake kilobait 4 daga farkon ɓangaren faifan. A ciki akwai lambar matsayinsa a jeri, da lokacin sabuntawa na ƙarshe, da ƙidayar da ke hauhawa duk lokacin da yanayin jerin ya sauya. Faifan da aka kora, ƙidayarsa tsayawa take a ranar korar. A ce faifai na ɗaya ya fita a Maris ba wanda ya lura, domin akwatin na bayan talabijin yana ta aiki, sai na biyu ya fita a Yuni. Mai shi zai ga na Maris yana juyawa lafiya, na Yuni kuwa yana tangal-tangal, hankalinsa ya karkata ga na Maris. Wannan zaɓin shi ne ɓarnar. Layi ɗaya a misalinmu yana ɗauke da kilobait 192 na bayanai, don haka hoto mai megabait 3 ya ratsa layi 16. Duk layin da aka rubuta bayan Maris bai taɓa isa tsohon faifan ba, kuma da tsohon abin da ke kansa za a lissafa rabon faifan Yuni. In bayan Maris aka ajiye hoton, kowane ɗaya daga layukan 16 zai fito a gurɓace. Abin da ya fi muni, jadawalin fayiloli ma ya sauya cikin wata ukun, kuma in aka saki manhajar gyaran jadawali a kansa za ta yi ta "gyara" tana rubutu, har abin da ake iya cetowa ya tafi. Faifan Yuni, da duk raunukansa, shi ke riƙe da bayanan da suka dace da na sauran biyun.

Daga nan tsarin aikin ya fito da kansa. A kashe akwatin, a rubuta lambar rami a jikin kowane faifai. A kwafe faifan Yuni zuwa sabo da GNU ddrescue na Antonio Diaz Diaz, wanda ke fara kwashe wurare masu sauƙi ya bar masu wuya sai daga baya, yana ajiye taswirar inda ya tsaya. Sannan a haɗa kwafin da sauran biyun ta umarnin tilasta haɗawa na mdadm, manhajar sarrafa md, a buɗe don karatu kawai, a kwashe komai zuwa wani wuri. Umarnin ƙirƙirar sabon jeri a kan tsofaffin faifai, wanda wasu ke ba da shawararsa kamar maganin kowace cuta, yana shafe tambarin da muka dogara da shi. Kuma da yake sigogin mdadm sun sha bamban wajen tazarar da bayanai ke farawa, sabon jerin na iya zama a karkace ba tare da ya ce uffan ba.

Iyakokin Nazari

Za a iya cewa alƙaluman da muka dogara da su na manyan cibiyoyi ne masu sanyaya ɗaki da wutar da ba ta yankewa, kuma faifan zamanin ba su kai na yau girma ba. Haka ne. Akwatin da ake ɗauke wa wuta yana tsakiyar rubutu na iya barin layin da lissafin cikonsa bai dace ba, nazarinmu bai auna wannan ba. Bai kuma shafi faifan da allurarsa ta karce fuskarsa ba: wanda ke ƙas-ƙas in an kunna shi a kashe shi nan take, aikinsa na masu buɗe faifai ne a ɗaki marar ƙura.