Stephen Keshi da Kofin Afirka na 2013

Sau biyu na farko da Najeriya ta ɗauki kofin ƙasashen Afirka, a ƙarƙashin baƙin masu horaswa ta ɗauke shi: Otto Gloria ɗan Brazil a Legas a 1980, sai Clemens Westerhof ɗan Holan a Tunisiya a 1994. Wannan ya ƙarfafa wata tsohuwar al'ada a hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar, wadda ke kallon koci ɗan gida, wato mai horaswa ɗan ƙasa, a matsayin ɗan riƙon ƙwarya kafin a samu Bature.

A cikin wannan yanayi aka damƙa wa Stephen Keshi ragamar Super Eagles a watan Nuwamba na 2011, bayan ƙungiyar ta kasa samun gurbin gasar 2012. Shi ne kyaftin ɗin tawagar 1994, kuma ya riga ya ɗanɗani ɗacin waccan al'ada a Togo, inda ya sama wa ƙasar gurbin gasar cin kofin duniya ta 2006 a karon farko, amma aka sallame shi kafin gasar, aka ba Bajamushe Otto Pfister kujerarsa. Abin da ya bambanta shi da magabatansa shi ne ƙarfin halin da ya nuna wajen zaɓen 'yan wasa, domin ya ajiye fitattu irin su Peter Odemwingie da Obafemi Martins, ya tafi gasar 2013 a Afirka ta Kudu da mutum shida daga gasar cikin gida, matakin da 'yan jarida da dama suka ɗauka ganganci ne.

Farkon gasar ya yi kamar zai gaskata su, saboda an tashi kunnen doki da Burkina Faso da Zambiya, kuma sai da Victor Moses ya ci Habasha da fenareti biyu kafin a tsallake matakin rukuni. Al'amarin ya juya ne a karawa da Kwaddibuwa ta su Didier Drogba da Yaya Toure, wadda ake kyautata wa zaton ɗaukar kofin, inda Sunday Mba, ɗaya daga cikin 'yan gidan nan shida, ya zura ƙwallon da ta raba gardama, aka tashi 2 da 1. Mali ta sha kashi 4 da 1, kuma Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, shi ya ci wa Najeriya ta huɗu. A wasan ƙarshe, ranar 10 ga Fabrairu 2013 a Johannesburg, Mba ya sake cin ƙwallo ɗaya tilo da ta kayar da Burkina Faso.

Da wannan Keshi ya zama mutum na biyu da ya ɗauki kofin yana ɗan wasa kuma yana koci, bayan Mahmud El-Gohary na Masar. Nasarar ba ta gyara tsakaninsa da hukumar ba, domin washegari ya miƙa takardar murabus, ko da yake ya janye ta bayan an sa baki. An sallame shi a 2015, ya rasu a birnin Benin a watan Yuni na 2016 yana da shekara 54.