Bututun birki da zamanin Fijo a Potiskum

Ngojin, haɗe da Alaraba, ɗaya ce daga mazaɓun ƙaramar hukumar Potiskum, garin da ya zauna a kan babbar hanyar da ta taso daga Kano da Bauchi ta nufi Damaturu da Maiduguri, wasu hanyoyin kuma suka ɓalle zuwa Gombe da Gashuwa. Tun da fadar Sarkin Fika ta dawo garin a 1924 yake ta bunƙasa, kasuwar shanunsa kuwa ana lissafa ta cikin manya a Afirka ta Yamma. Shanu da hatsi sai da mota, shi ya sa garin ya tara direbobi da kanikawa. Motar da aka labta wa kaya kuwa, tsayar da ita ya fi tayar da ita wuya.

Birkin diram da na faifai sa'annin juna ne. A 1902 Louis Renault ya fito da na diram a Faransa, a shekarar kuma Frederick Lanchester ya yi rajistar na faifai a Ingila. Da sandunan ƙarfe da waya ake jan birki a lokacin, sai da Malcolm Loughead na Amurka ya kawo dabarar tura mai ta siririn bututu, wadda motar Duesenberg ta ɗauka a 1921. Faifai ya daɗe a gefe, har Jaguar ta ci tseren Le Mans da shi a 1953.

A nan arewa labarin na Fijo ne. Kamfanin PAN ya soma haɗa motocin Fijo a Kaduna a 1975, kuma Fijo 504 ba ta bar layinsa ba sai 2006. Lokacin da ta fara fitowa a Faransa a 1968, faifai ne a ƙafafunta huɗu. Amma wagon mai cin fasinja bakwai da akori-kura mai jidar buhuna, su ne motocin tasha, kuma diram aka ɗaura musu a baya. Injiniyoyin ba su yi wauta ba. Diram rufaffe ne, yashi da ƙurar hunturu ba sa shigarsa da sauƙi, birkin hannunsa yana riƙe lodi a gangara, in takalmin ya cinye kuma a buga masa sabon lainin a mayar. Aibinsa zafi: a yi ta takawa da kaya, diram ya buɗe, feda ta yi ƙasa.

Bayan tsuke bakin aljihu na 1986 sabuwar mota ta gagari talaka, 'yan kwatano suka cika tasha, Golf ta karɓe layin da wagon ta riƙe. Da su ne kayan gyara na hannu suka yawaita. Golf mai ƙaramin inji diram gare ta a baya, Golf GTI kuwa faifai, don haka mai son canji yana iya ɗauko aksul ɗin wata ya ɗora wa wata.

Ɗaura faifai da kalifa aikin yini ne. Inda ake gane gwani shi ne hanyar da bututun mai zai bi. A diram, bututun ƙarfe yana shiga silinda kai tsaye, don ba ta motsi. Kalifa kuwa tana zamewa duk lokacin da aka taka, dole a haɗa ta da gajeren tiyon roba, a bar masa sarari don hawa da saukar ƙafa, kada ya miƙe ya tsinke, kada kuma taya ta goge shi. Na ƙarfen zai bi jikin bodi, nesa da zafin salansa, a kama shi da kilif kusa-kusa, don wanda aka bari yana kaɗawa a hanya mai gargada daga bakin noti yake tsagewa. Bututun jan ƙarfe na firji yana da daɗin lanƙwasawa, wasu kan ruɗu da shi, alhali jijjiga tana busar da shi ya fashe. Sai ƙaramin bawul ɗin nan da Fijo da Golf suke da shi kusa da aksul, mai rage ƙarfin birkin baya idan mota ba kaya. Wanda ya cire shi don ya tsone masa ido, ranar ruwa baya za ta riga gaba kamawa, motar ta juya.

Ƙarshen aiki cire iska. Yaro yana kan feda, maigida yana kwance a ƙasa da sifana yana cewa «Taka! Riƙe!», yaron ya amsa «Na riƙe, Oga.» Idan an juya kalifa, ta dama ta koma hagu, notin fitar da iska zai kalli ƙasa, kuma ko galan aka zuba feda ba za ta yi tauri ba.

Akwai ɓarnar da ta daɗe a hanya: bututun baya ya tsiyaye a daji, direba ya naɗe shi ya daddanne da filaya, ya ƙarasa da birkin gaba kaɗai. A lalura an yi masa uzuri, matsalar ita ce wanda ya iso gari ya manta. A Turai da Amurka masu sha'awar tsofaffin motoci ne ke canjin diram zuwa faifai, su yi odar kayan a kwali don motar da ake fitarwa ranar hutu. Akori-kurar 504 da ta rage a ƙasar Yobe kuwa har yanzu buhuna take ɗauka ranar kasuwa.