Amsar Wasiƙunku: Ina Makarantun Fada Suka Shiga?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga Tudun Jukun, Zariya. Mai wasiƙar, ɗan kasuwar hatsi ne, ya ce an aiko wa mahaifinsa takardar gayyata zuwa taron tsofaffin ɗalibai na makarantar Fada da ya yi. Tsohon yana son zuwa, amma yana jin nauyi, don shi Musulmi ne, kuma makarantar ma ta canza suna tun tuni. Yana tambaya: shin ina makarantun nan suka shiga, kuma me ya rage wa tsohonsa a can?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Ga amsa.

Makarantun Katolika na wannan yanki, limaman mishan ne suka kafa su, waɗanda muke kira Fada, tare da Sistoci, galibinsu mutanen ƙasar Ailan. A Kakuri ta Kaduna Sistoci sun buɗe wa 'yan mata Queen of Apostles. A 1949 aka buɗe St. John's ta maza, ita ma a Kaduna. Nan Zariya kuwa akwai St. Enda's a Basawa, inda ake horon malamai. Ba 'ya'yan Kirista kaɗai suka zauna a azuzuwan nan ba. Har da 'ya'yan Musulmi, irin mahaifinka.

Bayan an gama yaƙin basasa a 1970, sai gwamnatocin soja na jihohi suka shiga karɓe makarantun mishan. Hujjarsu ita ce a haɗa ilmi a hannu guda, kowane yaro ya shiga ba tare da an dubi addininsa ba. A jiharmu, wadda a lokacin ake kira Jihar Arewa ta Tsakiya, an yi wannan a 1972, zamanin Gwamna Abba Kyari. Sai aka sake musu suna. St. John's ta koma Kwalejin Rimi. Queen of Apostles ta zama Kwalejin Sarauniya Amina. St. Enda's aka riƙa kiranta da sunan Basawa. Kada ka ce Katolika kaɗai abin ya shafa: St. Paul's ta Wusasa, wadda ta Angilika ce, ita ce Kwalejin Kufena. Daga baya wasu jihohin sun mayar wa masu mishan nasu, kamar Legas a 2001 da Anambara a 2011.

Ka ga ke nan makarantun ba ɓata suka yi ba, riga suka sake. Amma sakin rigar nan ya raba zumunci. Wanda ya fita kafin 1972 yana ganin makarantarsa ta mutu, wanda ya fita bayan nan kuwa bai san wanda ya aza harsashin ajin da ya zauna ba. Alhali rijiya ɗaya suka sha.

Ga inda gizo ke saƙa. Yaron da ya bar makaranta a 1972, yau ya ba saba'in baya ko yana dab da ita. Su ne suka san wa ya ba da fili, wa ya dasa itatuwa, wane malami ya biya wa maraya kuɗin makaranta. Manomi ya sani, in bai ajiye iri ba, baɗi sai ya saya da tsada. Wannan irin kuwa, in ya ƙare, babu kasuwar da ake sayar da shi.

Saboda haka, Malam, ka ɗauki tsohonka ka kai shi. Zumunci zai je yi da abokan karatunsa, ba wani abu ba. In yana da tsohon hoto ko takardar shaida a ƙasan adaka, ku tafi da su. Ku dubi Barewa da ke nan kusa da ku, yadda tsofaffin ɗalibanta suka riƙe ƙungiyarsu. In kuma an kawo maganar gyaran aji, a ba da abin da ya sawwaƙa, ko da buhun masara ne, don 'ya'yanmu ne ke zaune a ciki yanzu, kuma ruwan sama in zai yoyo ba ya tambayar addinin yaro.

A gaida mana Baba. Sai mun ji daga gare ku, a huta lafiya.