Dogo na Tafe, Ina Hanyar Ƙauye? Nauyin da ke Wuyan Ƙananan Hukumomi a Layin Kano zuwa Maraɗi

A watan Fabrairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka bai wa kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal a kan kuɗi kusan dala biliyan biyu. Layin zai ratsa Dambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya kafin ya tsallaka Nijar, ga kuma reshen da zai nufi Dutse. Tun daga ranar ake tafka muhawara a kansa. Wasu na tambayar dalilin kai dogo wata ƙasa, wasu na lissafin bashin da za a ci. A duk wannan hayaniya ba a cika jin muryar ƙananan hukumomin da dogon zai keta gonakinsu ba, alhali su ne za su kwana da shi su tashi da shi.

Abin da nake son kafa hujja a kai shi ne, dogon ba zai bunƙasa yankin da ƙashin kansa ba. Ribarsa ta dogara ne da ƙananan ayyukan da ke tsakanin gona da tasha: hanyar burji, kwalbati, rumbun ajiya, wutar lantarki a kasuwa, filin lodi. Babu hukumar da ta san waɗannan wurare kamar ƙaramar hukuma. Tunda kuwa aljihunta ba zai iya ɗaukar yawancinsu ba, babban aikinta shi ne ta nemo su daga jiha da tarayya da masu ba da lamuni, da hujja a hannu, kuma tun kafin jirgin ya iso.

Tarihi ya riga ya gwada mana wannan. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa rai za ta cika taragai, sai manoma suka duba farashi suka rungumi gyaɗa. Amma gyaɗar ba a bakin tasha take tsirowa ba. Jakuna da raƙuma ne suka riƙa jido ta daga ƙauyuka, daga baya manyan motoci suka karɓa a kan hanyoyin da En'e, wato hukumar gargajiya, ta share, kuma fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shimfiɗa wakilansu har cikin lunguna. Da aka ja layin zuwa Nguru a 1930, garuruwa irin su Malam Madori sun tashi ne saboda akwai hanyar da ke kawo musu kaya daga ƙasar Haɗejiya. Ita kuwa En'e ta Kano, duk da zaluncin karɓar haraji da aikin tilas da ba za a wanke ta daga gare su ba, da kuɗin baitulmalinta ta kawo wa birni ruwan famfo da lantarki a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ba ina kiran a koma mulkin En'e ba ne. Abin lura shi ne, a lokacin akwai hukuma a ƙasa wadda take ɗaukar raya gari a matsayin aikinta.

Gyaran fuskar 1976 ya mayar da ƙananan hukumomi mataki na uku na gwamnati, yau kuma adadinsu 774 ne, 44 a Kano, 34 a Katsina, 27 a Jigawa. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya jera ayyukansu, kuma kowa ya san na kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da magudanan ruwa da hanyoyin cikin gari. Abin da aka fi mantawa da shi shi ne aikin da aka fara ambata a jerin: nazarin tattalin arzikin jiha, musamman abin da ya shafi yankin ƙaramar hukumar, da miƙa shawarwari ga hukumar tsare-tsaren jiha. Ke nan shugaban ƙaramar hukumar da ya je fadar gwamnati yana neman gada ba alfarma yake roƙo ba. Aikin da doka ta sa a sahun gaba yake yi. Wanda ya yi shiru kuwa ya tauye haƙƙin waɗanda yake wakilta.

Sai dai yadda ake yin neman a yau shi ne matsalar. Gwamna ya zo ziyara, a kafa rumfa, a yi kiɗa, shugaban ƙaramar hukuma ya karanta jawabin da kashi uku cikin huɗunsa yabo ne, sai a sakin layi na ƙarshe ya ce al'umma na miƙa ƙoƙon bararsu a gyara musu hanya kaza. Babu tsawon hanyar, babu kiyasin kuɗi, babu bayanin buhu nawa ke bi ta kanta. Irin wannan buƙata ba ta shiga kasafi, domin jami'in tsare-tsare ba shi da abin da zai rubuta a takarda, mai ba da lamuni kuwa ba zai ma saurare ta ba.

A duba Kwanar Gafan a ƙaramar hukumar Garun Malam lokacin kakar tumatir. Ruwan da ke ciyar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure daga madatsar Tiga yake, wadda gwamnatin Audu Baƙo ta gina a farkon shekarun 1970, aiki babba da ya sauya rayuwar yankin. Amma ga kwanduna jere a rana, an rufe bakinsu da takarda ko ciyawa, dillali na zagayawa yana taya kaya da farashin da manomi ya san bai kai kuɗin taki da fetur ɗin injin ban-ruwa ba. Dole ya sallama, domin idan kwando ya kwana biyu ruwa zai fara tsiyaya ta gindinsa. Wanda ya ƙi sayarwa sai ya yanka ya shanya a ƙasa, ƙura na hawa. Kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar tumatir a Kadawa a 2016, ta kuma sha tsayawa saboda ƙarancin ɗanyen kaya da saɓanin farashi da manoma. Ga madatsa, ga masana'anta, ga babban titin Kano zuwa Zariya a gefe, amma rashin ɗakin sanyi da rumfa da hanyar da za ta fito da kaya daga cikin fadama ba tare da sun dagargaje ba ya sa ribar ke zubewa a tsakani. Abin da nake jiye wa layin Maraɗi ke nan.

Haka batun yake a Dawanau da ke Dawakin Tofa, kasuwar hatsin da 'yan kasuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru ke yi wa tsinke, inda ake loda riɗi da zoɓo zuwa ƙasashen waje. Mai karɓar kuɗin shiga a bakin ƙofa ya san tirela nawa ke shiga a rana. Shugabannin 'yan kasuwa sun san watan da kaya ke yawa, 'yan dako sun san layin da mota ke kafewa da damina. Wannan ilimi yana nan a warwatse cikin rasit da kawunan mutane. Tattara shi ba ya bukatar biliyoyi, ma'aikata kaɗan ne da littafi da shekara guda ta haƙuri. Ƙaramar hukumar da ta riƙe irin waɗannan alƙaluma tana iya zama gaban ma'aikatar sufuri ta nuna dalilin da zai sa a haɗa kasuwarta da dogo, ko gaban masu gudanar da shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, wanda Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa ke ɗaukar nauyinsa kuma Kano da Katsina ke ciki, ta nuna wace hanya ce ta cancanci shiga sahun farko.

Za a ce, kuma da gaskiya, ina ƙaramar hukuma ta ga bakin magana? Kasonta daga asusun tarayya kashi 20.60 cikin ɗari ne, amma sashe na 162 na Tsarin Mulki ya sa kuɗin ke bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, inda gwamnoni suka daɗe suna yadda suka ga dama da su. Zaɓenta hukumar zaɓe ta jiha ke shiryawa, kuma kusan kullum jam'iyyar gwamna ke lashe kujerun. Wanda gwamna ya ɗora ba zai iya ɗaga masa murya ba. Akwai kuma wani rauni da ba a cika tattaunawa ba. Soke haraji da jangali da gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka yi a 1979 adalci ne ga talakan da ya sha wuya a hannun masu karɓa, amma tun daga nan ƙaramar hukuma ta koma zaman jiran kason wata-wata, talaka kuma ya rage tambayar inda kuɗi suka shiga tunda ba daga aljihunsa ya ga sun fita ba.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar a kan gwamnoni 36, ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya kuma haramta shugabannin riƙo. Aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa. Duk da haka ban yarda a jingine komai sai ranar da 'yancin ya tabbata ba. Ko an saki kason gaba ɗaya, bayan albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya abin da zai rage ba zai gina gada a kan babban kogi ba, don haka neman jari daga sama zai ci gaba da zama dole. Kuma takardar da ke ɗauke da alƙaluma ba tawaye ba ce. Gwamna ma yana bukatarta idan zai je Abuja neman nasa.

Abin da ya fi ƙarfin hukuma ɗaya kuwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar ƙananan hukumomi ta ALGON jiha-jiha take tafiya, hankalinta kuma ya fi karkata ga batun kaso. Dogon bai san iyakar jiha ba: Dambatta a Kano take, Kazaure a Jigawa, Daura a Katsina, kuma manomin da ke tsakaninsu tashar da ta fi kusa zai nufa. Ya kamata ƙananan hukumomin da ke kan layin su kafa zaure guda, su fitar da taswira ɗaya ta hanyoyin da za su ciyar da kowace tasha, su kai ta gaban jihohin uku tare. A ɓangaren Jibiya da Maraɗi zauren zai fi amfani, domin rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, sun nuna cewa Abuja da Yamai na iya yanke shawara cikin dare, mutanen bakin iyaka su wayi gari da asara. Ga kuma matsalar tsaro a yammacin Katsina, wadda dole ta shiga lissafin kowace hanya da za a nema, domin direba ba zai bi titin da yake tsoro ba ko da kwalta ce sabuwa.

Akwai abu ɗaya da ba sai an jira kowa ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a filayen da ba na birni ba. Duk inda aka ji za a kafa tasha, masu kuɗi kan riga kowa saye gonakin kewaye su yanka fulotai. Idan majalisar ƙaramar hukuma ba ta zauna da hakimi da dagatai da masu gonaki yanzu ta keɓe filin rumbuna da na lodi da na kasuwar dabbobi ba, ta kuma biya diyya ta gaskiya, ranar da mai zuba jari zai zo da niyyar gina ɗakin sanyi zai tarar da gidaje har bakin dogo, sai ya kwashi kuɗinsa ya koma Kano.