Me ya haɗa bindiga da 'yar ƙaramar motar tsere?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ta Kano, ya aiko yana cewa: "Na ga a wayar ɗana wasu Turawan Amurka, su ba sojoji ba su ba kanikawa ba, suna kwance bindiga suna ɗaura mata madubin hange, in sun gama sai su koma kan wata 'yar mota mai kujera biyu su kwance ta ita ma. Shin sana'a ce ko wasa? Yaushe kuma abin ya samo asali?"

AMSA: To malam, mun gode da wannan wasiƙa taka. Abin da ka gani sha'awa ce kawai, kamar yadda wani ke kiwon tantabara ko kashe kuɗi wajen kayan doki. Kuɗi suke zubawa, ba sa samun ko kwabo. Amma abin da ya sa mutum zai sayi wani ƙarfe a kanti, ya zo gida ya ɗaura, ya kuma zauna daram, yana da tarihi, kuma daga wajen maƙeran bindiga ya faro.

Ka dubi adakar maharba. In kunamarta ta karye, ba za ka ciro ta wata adakar ka sa ba, dole a koma wurin maƙeri ya yi ta gogawa da magagari har ta shiga. To haka bindigogin Turai suke a da, kowace da irin tata. A fagen yaƙi kuwa, soja ya rasa ƙaramin ƙarfe ɗaya, bindigarsa ta koma sanda. A shekarar 1785 wani maƙeri Bafaranshe mai suna Honoré Blanc ya kwance kunamomin bindiga 50, ya cakuɗa sassansu, ya nuna cewa kowane sashe na shiga kowace kunama. Cikin waɗanda suka gani da idonsu akwai Thomas Jefferson, jakadan Amurka a Faransa a lokacin, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa. Shi ya rubuta wa gwamnatinsu labari.

Yawancin littattafan makaranta na bai wa Eli Whitney yabon wannan fasaha. Gaskiya ne ya karɓi kwangilar bindigogi 10,000 a 1798, to amma sai da ya ɗauki kusan shekara goma kafin ya kammala, kuma masu bincike sun gano sassan nasa ba sa musanyuwa yadda aka yi ta yayatawa. Wanda ya yi aikin na haƙiƙa shi ne John Hall, a ma'aikatar makamai ta Harpers Ferry, a shekarun 1820. Da ma an ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Daga nan fasahar ta bi ma'aikata zuwa wasu sana'o'in. Alal misali, a birnin Birmingham na Ingila maƙeran bindiga sun haɗu a 1861 suka kafa kamfanin BSA. Da cinikin bindiga ya ja baya sai suka shiga ƙera keke a 1880, babur kuma a 1910, tambarinsu dai na nan, bindigogi uku jingine da juna. A Amurka kuma akwai Henry Leland, wanda ya koyi aikin awo a ma'aikatun bindiga na Springfield da Colt, ya zo ya jagoranci kamfanin motoci na Cadillac. A 1908 aka gwada aikinsa a Ingila: aka kwance motocinsa uku kaf, aka cakuɗa sassan wuri ɗaya, aka sake harhaɗa motoci uku daga tarin, kowace ta yi tafiyar mil 500 a filin tsere na Brooklands. Duk ranar da ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka faɗi sunan mota aka miƙo maka kayan gyaranta, amfanin wancan aiki kake ci.

Ita sha'awar kwance-kwancen a gida kuwa, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta bunƙasa. Da aka gama yaƙi a 1945, ƙasashe suka yi gwanjon tsofaffin bindigogin soja, su Lee-Enfield ta Ingila da Mauser ta Jamus. A Amurka mutum na iya ganin talla a mujalla, ya aika kuɗi ta gidan waya, a kawo masa har ƙofar gida. Bindigar soja na da nauyi, don haka sai ya rage katakonta, ya huda ƙarfen ya ɗaura madubi, ta zama ta farautar barewa. Abin bai tsaya a daji ba. Bindigar da aka harbe Shugaba Kennedy da ita ranar 22 ga Nuwamba 1963, tsohuwar bindigar sojan Italiya ce, an saye ta ta gidan waya tare da madubinta a kan wajen dala 20. A 1968 aka yi dokar da ta hana aika wa mutane bindiga ta wannan hanya. Daga baya, a 1995, sojan Amurka suka tsayar da awo ɗaya na wani ƙarfe mai tsage-tsage da ake kira Picatinny, wanda ake ɗora madubi ko fitila a kansa. Kamfanoni suka bi wannan awo, shi ya sa ka ga mutumin yana cirewa yana mayarwa kamar mai canza batirin tocila.

Motar ma a wannan zamani ta shiga zukatansu. Kamfanin MG na Ingila ya ƙera wata 'yar mota mai suna TC daga 1945 zuwa 1949, guda 10,000 ko sama kaɗan, mai kujera biyu da rufin tamfol. Amurkawa suka so ta, ga shi kuwa tana bukatar a riƙa taɓa ta kullum, kanikawan can kuma ba su saba da ita ba. Dole mai ita ya sayi sifana ya koya. A 1957 Colin Chapman ya fito da Lotus Seven, wadda ake iya sayenta a kwance cikin akwatuna, domin a Ingilar wancan lokaci mota a kwance ba ta biyan harajin saye da ake ɗora wa sabuwar mota. Mai saye ya harhaɗa abarsa a gareji, ya tsira da kuɗinsa. Kai da kake kasuwa ka san irin wannan lissafi.

Wadda ka gani a wayar, mai yiwuwa Mazda MX-5 ce ta Japan, domin ita ta fi yawa a irin waɗannan. An fara nuna ta a Shikago a 1989, zuwa 2016 an ƙera miliyan ɗaya. Ba ta ɗaukar ko buhu biyu na masara, kuma ƙasa-ƙasa take, hanyar ƙauye da damina ba tata ba ce. Amma kayanta na da araha a can, kuma da sifana da sukudireba ana kai wa ga yawancin sassanta.

Sai dai a kula, jama'a. Kwance mota ko babur a tsakar gida ba wanda zai tuhume ka. Bindiga kuwa daban take. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta haramta ƙera bindiga, ko harhaɗa ta, ko gyara ta, ba tare da izinin hukuma ba, kuma hukuncin na kai wa ga ɗauri. Maharbin da adakarsa ta samu matsala, ya fara tuntuɓar ofishin 'yan sanda na yankinsa a kan maganar lasisi kafin ya kai ta maƙera.